Littafin Da Likita Ya Ce In Saya



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, waɗanda suke zuwa wajen karatu sun san akwai wata 'yar baƙar jaka da ba na rabuwa da ita. Wani ɗalibi ya taɓa tambayata ko turare nake ajiyewa a ciki. Na yi dariya na ce masa wata rana zai ji. To yau ga ranar ta zo. Abu huɗu ne a cikin jakar nan: na'urar gwajin suga, da littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro, da ƙwayoyin suga guda huɗu a ƙulle cikin leda. Ina da ciwon suga, shekara bakwai ke nan. Na daɗe ina ɓoyewa, kuma ɓoyewar ba ta amfane ni da komai ba. Na yanke shawarar yin wannan rubutu ne bayan wata jana'iza da muka yi kwanan baya, ta wani bawan Allah da ba ya rasa sahun farko. Ciwon ƙafa ne ya kwantar da shi, ɗan ƙaramin rauni da ya ƙi warkewa. Da na je ta'aziyya sai babban ɗansa ya nuna min na'urar gwajin da ya saya masa tun shekarun baya, tana nan cikin kwalinta, ko ledar ba a ɓare ba. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi. Amma na dawo gida ina jin cewa idan na ci gaba da yin shiru, akwai abin da za a tambaye ni.

Ni yadda abin ya faro min, ƙishirwa ce da ba ta ƙarewa. In sha ruwa, in ajiye kofi, in sake ɗauka. Da dare in tashi fitsari sau huɗu, sau biyar. Alwala ta daina jimawa. Riguna suka fara yi min yawa, mutane suna cewa Malam ya rame, ni kuma ina cewa yawan zirga-zirgar wa'azi ne. Rubutun littafi ya fara yi min dishi-dishi, na ce tsufa ne ya fara sallama. Uwargida ce ta matsa, domin ta lura da tururuwa suna taruwa a bayan gida inda na yi fitsari. Da aka gwada ni da safe ban ci komai ba, lambar ta haura 280.

Likitan da ya duba ni yaro ne, a haife zan haife shi, har yana zuwa karatunmu na ƙarshen mako. Ya rubuta min magani, ya ce in sayi na'urar gwaji, in sayi littafi, in riƙa rubuta duk abin da na gwada. Na sayi na'ura. Littafi kuwa na ce a raina, haba, ni da na haddace matani kaza da kaza, lamba uku ce za ta gagare ni riƙewa? Haka na yi kusan shekara biyu. Ran da na tuna in gwada, ran da na manta shi ke nan. Idan na ci abin da na san bai dace ba, ranar ba na ma kallon inda jakar take. Duk zuwan da zan yi asibiti, idan ya tambaye ni yaya suga, sai in ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Ran nan sai ya ajiye bironsa ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, zan yi tambaya. Idan ɗalibi ya kawo maka hadisi, ka tambaye shi a wane littafi ya gani, ya ce maka shi dai yana ji a jikinsa ingantacce ne, za ka karɓa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni ma 'da sauƙi' ba ta da isnadi a wurina. Lamba nake so, da rana, da lokaci."

Wallahi na yi dariya, amma maganar ta shige ni. A wannan zuwan ne ya tura ni wajen likitan ido, aka duba can cikin idona, aka ce suga ya fara taɓa ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciki. An gano da wuri, Allah Ya taƙaita. Amma ku yi tunani, mutumin da rayuwarsa duka karatu ce, a ce masa idonsa ne a kan layi. Daga asibitin ban zarce gida ba sai da na tsaya shago na sayi littafi.

ME YA SA JI A JIKI BA YA ISA?

Abincin da muke ci, musamman tuwo da shinkafa da burodi da doya da rogo, idan ya narke yana komawa suga ne ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci suke kira fankiriyas, ita take fitar da sinadarin insulin, wanda shi ne yake buɗe wa sugan ƙofa ya shiga tsoka da sauran sassan jiki ya zama ƙarfi. Mai ciwon suga, ko dai insulin ɗin ya ƙare gaba ɗaya, wannan shi ne nau'i na ɗaya da ya fi kama yara da matasa, ko kuma yana nan amma bai isa ba, jikin kuma ba ya sauraronsa yadda ya kamata, wannan shi ne nau'i na biyu, irin nawa, wanda ya fi yawa. Sai sugan ya tsaya cikin jini yana yawo. Shekara da shekaru yana cin jijiyoyi a hankali: na ido, na ƙoda, na zuciya, na ƙwaƙwalwa, na tafin ƙafa.

Babbar matsalar ita ce yawancin wannan ɓarna ba ta da zafi. Mutum zai iya yini da lamba 200 yana ciniki a kasuwa yana raha, bai ji komai ba. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, a ƙiyasinta na 2021, ta ce manya kimanin miliyan 537 ne suke ɗauke da ciwon a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Gara ce a cikin azara. Daga waje ɗaki lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Mu masu wa'azi mun san irin wannan a wani fagen. Zuciya ma haka take ƙeƙashewa, ba rana ɗaya ba, kuma mai ita ba ya jin zafi. Shi ya sa magabata suka riƙi muhasaba, kuma an ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kiran mutane su yi wa kansu hisabi tun kafin a yi musu. Hisabi kuwa ba a yin sa da zato.

ADDININ DA YA CE A RUBUTA

Ku duba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara. A kan me take magana? A kan rubuta bashi. Allah Ya umarci muminai su rubuta, Ya hana su ƙosawa da rubutawa ko bashin ƙarami ne ko babba, Ya kuma bayyana hikimar: rubutu ya fi tsayar da adalci, ya fi ƙarfafa shaida, ya fi nisantar da shakka. An saukar da wannan ne ga sahabbai, mutanen da suka fi mu amana, suka fi mu ƙarfin hadda. Ba ina cewa ayar tana magana kan ciwon suga ba, kada wani ya ɗauka haka. Ina cewa ne ta koya mana tarbiyya: abin da yake da muhimmanci, kuma mantuwa ko son rai za su iya shiga cikinsa, a rubuta shi.

Jikin nan kuwa amana ne. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ɗan Aas ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi. Bukhari ya ruwaito. Idan ba a yarda ka cutar da jiki saboda nafila ba, ina ga cutar da shi saboda kasala ko saboda kwalbar lemo?

LAMBOBIN DA YA KAMATA KOWA YA SANI

Wannan abin da zan kawo na koye shi ne daga likitoci, kuma likitanka ne zai faɗa maka iyakar da ta dace da kai, domin ta tsoho da ta mai juna biyu da ta mai ciwon ƙoda ba ɗaya ba ce. Amma ga ma'aunin da aka fi amfani da shi.

Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8 aka gwada shi: ƙasa da 100 lafiya ce. Daga 100 zuwa 125 yana bakin ƙofa, gargaɗi ne. Daga 126 zuwa sama, idan aka maimaita a asibiti aka sake samun haka, ciwon suga ne.

Wanda ya riga ya kamu, yawancin manya ana so kafin cin abinci su kasance tsakanin 80 da 130, awa biyu bayan fara cin abinci kuma ƙasa da 180. Ƙasa da 70 suga ya faɗi, kuma wannan haɗari ne na nan take.

Ku kula da wani abu da yake rikita mutane. Na'urorin ba yare ɗaya suke yi ba. Wata tana ba da lamba a mg/dL, irin waɗanda na ambata. Wata tana bayarwa a mmol/L, sai ka ga 7.0 ko 10.0. Idan ka ninka ta biyun sau 18 za ka samu ta farkon, wato 7.0 ita ce 126, 10.0 ita ce 180. 'Yan uwanmu na Nijar kuma sau da yawa takardarsu tana zuwa da giram a lita, 1.26 ita ce 126. Na taɓa ganin dattijo yana murna wai sugansa 15 ne kacal, alhali 15 a na'urarsa 270 ke nan. Ka tambayi wanda ya sayar maka, ko ma'aikacin lafiya, wane yare taka take yi, ka rubuta a bangon littafinka.

Akwai kuma gwajin da ake yi a asibiti mai suna HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yawancin masu ciwon ana so ya zama ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Ni ina kiransa mai tona asiri, domin ko ka yi ta-ka-tsantsan na kwana uku kafin ranar ganin likita, shi zai faɗi abin da ka yi a bikin watan jiya. Mai sikila ko mai ƙarancin jini ya sanar da likita, domin a wurinsu wannan gwajin yana iya ba da sakamakon da ba daidai ba.

YADDA NAKE GWADAWA, DA ABIN DA NAKE RUBUTAWA

Ina wanke hannu da sabulu in busar da shi sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na taɓa gwadawa bayan na rarraba wa yara dabino, na ga lambar da ta tayar min da hankali, na wanke hannu na sake, sai ga ta ta sauko da nisa. Zaƙin da ke kan yatsa na'urar ta karanta. Ina huda gefen kan yatsa, ba tsakiya ba, domin gefen ya fi sauƙin zafi, kuma ina sauya yatsu. 'Yan tsinken gwajin da ake ɗiga jinin a kai suna da ranar lalacewa, a duba. A rufe kwalbarsu da an ɗauki ɗaya, kada a bar su cikin mota a rana. Allurar hudawa kuma ta mutum ɗaya ce. Kada son taimako ya sa ka huda maƙwabta biyar da allura ɗaya, ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki ta jini suke bi.

A littafin, kowane layi yana da rana, da lokaci, da lamba, da ko kafin abinci ne ko bayansa, da abin da na ci, da maganin da na sha. A ƙarshe akwai ɗan fili na abin da ya faru: na yi tafiya, ban yi barci ba, zazzaɓi ya kama ni, raina ya ɓaci. Sau nawa za a gwada, likita ne zai faɗa. Mai allurar insulin yana buƙatar gwaji fiye da mai shan ƙwaya. Na san tsinken gwaji yana da tsada, kuma na san halin da ake ciki. Ni abin da likita ya tsara min lokacin da hannu ya yi ƙasa shi ne in riƙa zagayawa: yau da asuba, gobe bayan abincin rana, jibi bayan na dare. A mako biyu sai ga hoton yinin gaba ɗaya ya fito, da tsinke ɗaya a rana.

Me littafin ya nuna min? Abubuwan da shekara biyu na "da sauƙi" ba su nuna min ba. Na gano cewa shayi da burodin da nake karyawa da shi yana kai ni sama da 230, alhali ƙosai da ɗan koko marar suga ba sa kai ni kusa da nan. Na gano malmala biyu ta tuwon shinkafa da malmala ɗaya da miya mai yawan ganye ba ɗaya ba ne, tazarar tana da yawa. Na gano fura, ko ban sa mata suga ba, idan na cika kwano tana ɗaga ni. Wake da zogale da rama suna zaunar da ni lafiya. Kuma na gano wani abin da ya faranta min rai: daren da na taka zuwa masallacin da ya fi nisa don sallar isha'i na dawo a ƙafa, lambar bayan abincin dare tana sauka sosai fiye da daren da aka kai ni a mota. Taku ɗaya, lada biyu.

Wannan nawa jikin ke nan. Naka zai iya bambanta, shi ya sa littafina ba zai yi maka aiki ba, sai naka.

Sai gargaɗi ɗaya, kuma da kaina na fara. Akwai ranar da na gwada na ga 246 bayan walimar wani aure, hannuna ya tsaya a kan takarda, zuciya tana ce min rubuta 170 mana, wa ya gani? Na ji kunyar yaron likitan nan. Sai na tuna aya ta 49 a Suratul Kahfi, inda masu laifi suke kuka da littafin da bai bar ƙarami ko babba ba sai da ya ƙididdige. Na rubuta 246, na rubuta "walima" a gefe. Wanda ya yi wa likita ƙarya a littafi, maganin ƙarya za a rubuta masa, kuma jikinsa ne zai biya. Haka nan kada lamba ta zama maka waswasi. Ba hukunci ba ce a kan imaninka ko darajarka. Labari ce take ba ka don ka gyara. Wata rana za ta hau ba tare da ka san dalili ba. Ka rubuta, ka ce Alhamdu lillahi ala kulli halin, ka kai wa likita. Kada ka ƙara wa kanka magani ko ka rage da ra'ayinka.

RANAR DA NA KARYA AZUMI A GABAN JAMA'A

A wani Ramadan, ina tsakiyar tafsiri bayan la'asar, sai na ji hannuna yana rawa. Zufa mai sanyi ta keto min, zuciya tana bugawa, na karanta layi ɗaya sau biyu ban fahimci abin da nake karantawa ba. Na ce wa mai jan baƙi ya ci gaba, na juya gefe na gwada. 58. Saura kamar awa ɗaya a sha ruwa.

'Yan uwa, a nan na gane Shaiɗan yana iya zuwa wa mutum da rigar taƙawa. Ya ce min, saura kaɗan, daure. Ya ce, mutane za su ce Malam ya sha ruwa da rana tsaka. Da na duba da kyau sai na ga ba tsoron Allah ne yake hana ni ba, domin Allah Ya riga Ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara, Ya kuma bayyana cewa sauƙi Yake nufi da mu. Tsoron bakin mutane ne. Na kwance ledar nan, na yi bisimilla, na sa suga a baki a gaban kowa, na faɗa musu dalili. Bayan an tashi, mutum uku suka same ni a keɓe, kowannensu yana da ciwon, kowannensu ya taɓa jin irin abin da na ji ya daure.

Ga abin da ya kamata a sani. Gwajin suga da huda yatsa ba ya karya azumi, malamai irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin sun yi fatawa cewa ɗan jinin da ake ɗauka don gwaji ba ya ɓata shi. A mazhabar Malikiyya fitar jini daga yatsa ba ya warware alwala, kuma ɗan ɗigon da ya taɓa tufafi an yi rangwame a kansa. Likitocin da suka tsara ƙa'idojin ciwon suga da Ramadan sun ce mai azumi ya karya idan lamba ta sauka ƙasa da 70, ko ta haura 300, ko ya ji alamun faɗuwar suga ko rashin lafiya mai tsanani. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Sharja a 2009, ta karkasa masu ciwon suga gida huɗu gwargwadon haɗari, ta bayyana cewa waɗanda azumi zai jefa su cikin cuta mai tsanani su sha. Don haka a je wa likita da littafi makonni kafin watan ya kama, shi zai duba ya ce kana cikin masu iyawa ko a'a, ya kuma sauya lokutan magani. Wanda ya sha zai rama idan ya samu dama. Wanda ciwonsa ba ya barinsa ya rama, mafi yawan malamai sun ce ya ciyar da miskini a madadin kowace rana. Kuma ya kwantar da hankalinsa, domin ya tabbata a Bukhari daga Abu Musa cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya.

Iyalan gida, wannan naku ne. Idan mai ciwon suga ya fara rawar jiki, ko zufa, ko surutun da ba kan gado, ko faɗa ba dalili, kafin a ce iska ce a fara ruƙiyya, a gwada shi. Idan ƙasa da 70 ne kuma yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali ɗaya na suga a ruwa, ko na zuma, ko kamar rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa, idan bai hau ba a maimaita, idan ya hau a ba shi abinci. Idan babu na'ura a kusa kuma alamun sun nuna, a ba shi zaƙin. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti, a yi addu'ar a hanya. Shi ya sa ɓoye wa matarka ko 'ya'yanka ciwon nan ganganci ne. Ranar da ka faɗi, su ne a kusa.

ZUMA, DA MASU LASIFIKA

Kullum sai an tambaye ni: Malam, ba Allah Ya ce akwai waraka a zuma ba? Ƙwarai, yana cikin Suratun Nahli, kuma mun gaskata. Amma kowane magani yana da cutar da yake yi wa aiki, da gwargwado, da lokaci. Zuma tana ɗaga suga, dabino ma haka. Ga mai ciwon da sugansa ya faɗi, cokalin zuma na iya zama sanadin tsirarsa. Ga wanda yake kan 300, ƙari ce a kan cuta. Ban daina buɗa baki da dabino ba, amma na koma ɗaya ko biyu, kuma littafina ne ya nuna min iyakata.

Masu yawo da mota da lasifika suna rantsuwa cewa garinsu yana raba mutum da suga har abada cikin kwana kaza, wasu har da jawo aya, ku ji tsoron Allah. Mutum ya ajiye maganin asibiti saboda maganarku, bayan wata shida a kai shi wankin ƙoda, me za ku ce gobe? Mu ma malamai mu ji tsoron Allah. Abu Dawud ya ruwaito labarin sahabin da aka yi wa rauni a ka, janaba ta same shi, abokan tafiyarsa suka ce ba shi da rangwame sai ya yi wanka, ya yi, ya rasu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi fushi ƙwarai, ya ɗora musu alhakin ransa, ya nuna cewa da sun yi tambaya tun da ba su sani ba. Kada ka ce wa mai allurar insulin ya yi azumi ya dogara ga Allah, alhali ba ka taɓa ganin lambarsa ba.

Dogaro ga Allah kuwa, Annabi ya koya wa mai raƙumi ya ɗaure ta sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Insulin ɗin nan da aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kafinsa yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Wa Ya sanar da ɗan Adam shi? Shi ne dai Wanda bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Na'urar nan igiyar raƙumi ce. Ka ɗaure, sannan ka ɗaga hannu.

Masu hali, ga ƙofar sadaka da ba a cika kula da ita ba. A unguwarku akwai tsohuwa da aka ce ta riƙa gwaji, kuɗin tsinke ya gagare ta. Akwai mai gadi, akwai ladan, akwai malamin allo. Kwalin tsinke ɗaya zai iya zama sanadin tsirar idon wani. Kwamitocin masallatai kuma, ku nemi ma'aikatan lafiyar da ke cikin jama'arku, ku sa rana a riƙa gwada mutane da sabuwar allura ga kowa, musamman waɗanda suka haura shekara 40, da masu ƙiba, da masu hawan jini, da waɗanda iyayensu suka yi ciwon. 'Ya'ya, idan Baba ko Inna ba sa iya rubutu, ku ne biro. Yana cikin biyayya.

Ɗan uwana mai ciwon nan, na san akwai safiyar da za ka kalli yatsunka ka ji ka gaji. Ni ma ina ji. Abin da nake tunawa shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa babu gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubai da ita. Idan ƙayar da ta soke ka bisa kuskure tana da wannan, ina fata ga Allah cewa allurar da ka soka wa kanka don kiyaye amanarSa ba za ta tafi a banza ba. Ka gyara niyya kawai.

Littafina na yanzu shi ne na tara. Wancan likitan, duk zuwan da na yi, kafin mu gama gaisawa ya miƙo hannu, in ba shi, ya buɗe yana dubawa kamar yadda nake duba allon yara. Zuwan ƙarshe likitan ido ya ce abin bai ƙaru ba. Da wannan idon na rubuta muku wannan, Alhamdu lillahi.

Wanda yake da na'ura a cikin kwali, ya ɓare ta yau. Wanda ba shi da littafi, ya saya kafin magariba. Wanda bai taɓa gwadawa ba, ya je a gwada shi cikin makon nan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya jiƙan wancan bawa naSa da dukkan magabatanmu. Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da ƙarfinmu muddin muna raye, Ya sa ranar da za a miƙo mana babban littafi mu karɓa da hannun dama.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.